Oro A Ɗakin Maigidana

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure, wasu har sun shafe a raina, amma ranar da na hau benen gidanmu da rarrafe, mayafi lulluɓe da fuskata, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina don kawai in shiga ɗakin mijina, wannan kam sai dai in shiga kabari da ita. Yaranmu da ke makaranta a lokacin wasu har sun yi aure. Har yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Maigidana direban babbar mota ne. Tun kafin ya aure ni yake ɗauko albasa daga wajen Sakkwato yana saukewa a kasuwar Shasha, wani zubin ta Bodija. Na saba da shi ya shigo da warin albasa da baƙin mai, ya cika gida da surutu da labarin hanya, ya kwana biyu ya ƙara gaba. Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Ba makancewa ya yi ba, yana gane mutum, yana kai kansa masallaci, amma likita ya ce tuƙi kam an gama. Mai motar ya karɓi makullinsa cikin mutunci. Jama'ar Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, suka yi ta zuwa jaje, kowa ya ce a yi haƙuri haka Allah ya so, shi kuma ya ce alhamdu lillahi. Daga nan bakinsa ya mutu. Mutumin da sai na roƙe shi ya yi shiru in lissafa cinikina, ya koma sai in yi magana uku kafin in sami "uhm" ɗaya.

Akwai wani ɗan ɗaki a sama inda yake tara tarkacen mota. Sai ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: da an idar da azahar ya hau, ya tura ƙofa, ba zan sake ganinsa ba sai an kira la'asar. Ni kuwa ina ƙasa ina fama da sana'ata, don kunun aya da zoɓo nake yi ina ƙullawa a robobi, matan layi suna aikowa.

Ranar da na fara jin abin ina tace aya. Wani gurnani ne ya sauko ta katakon silin, mai kauri, a hankali, har cikin haƙorana nake jinsa. Na ce janareton maƙwabta ne, sai na ga ai akwai wuta. Na ce injin markaɗe ne, to amma injin markaɗe ba ya numfashi. Wannan kuwa sai ya taso, ya kumbura, ya lafa, can sai ka ji wani bugu guda ɗaya, dum, sai a daɗe kafin a sake wani. Da ya sauko na tare shi.

"Baban yara, me ke kuka a ɗakinka?"

"Kiɗa ne."

"Kiɗa? Ba kalangu, ba mawaƙi, ba 'yan amshi?"

Ya zura takalminsa ya ce, "Kiɗan ƙarfe ake ce masa. Ba za ki gane ba."

To in kana so ka tayar wa mace irina hankali, ce mata ba za ta gane ba. Kuma kalmar ƙarfen nan ba ta yi mini daɗi ba, don ni a sanina in aka haɗa namiji da ƙarfe ba a tasha ba, to maganar tauri ake yi da layu. Na dai haɗiye, na ce bari in zuba ido.

Wadda ta ƙarasa rikita ni ita ce Alhaja, wata Bayarabiya da ke bayan layinmu ta ɓangaren unguwar Mokola, wadda ke kawo mini robobi. Mun daɗe tare, ta iya Hausa irin tata, kuma duk da na tara yara har lokacin Iyawo take ce mini, wato amarya. Ta shigo da buhunta a ka muna gaisawa, sai abin ya taso daga sama. Wallahi sakin buhun ta yi, robobi suka watse a tsakar gida.

"Iyawo, rufe ƙofa! Oya, rufe, rufe!"

"Lafiya, Alhaja?"

Ta ja ni cikin ɗaki, ta kashe murya. "Ba ki ji ba? Oro ne wannan. Olorun, ya Allah! Oro a cikin gidan Hausa?"

Duk wadda aka haifa a Sabo ta san sunan nan ko da ba ta taɓa jin kukansa ba. Abin maza ne na gargajiyar Yarabawa, ba a ganinsa sai dai a ji rurinsa, kuma in ya fito mata kulle kansu suke yi, don an ce macen da ta sa shi a ido ba ta ƙara kwana. Tun muna yara ake tsorata mu da shi. Na ce mata haba, mijina mai salla ne, me ya haɗa shi da wannan.

Ta dube ni ta ce, "Shebi, ba akwai wani mutuminmu da ke zuwa wurinsa ba? Mai baƙar riga?"

Akwai shi kuwa. Wani mai gyaran wayar mota ne a Mokola, shi ke yi wa maigidan aiki tun yana tuƙi, kuma tun da ya zauna a gida mutumin ya zo ya fi sau biyu, su hau sama su rufe ƙofa.

"Mutum in ya rasa ido ba inda ba zai nemi magani ba," in ji Alhaja. "Ni dai ban ce komai ba o. Amma ejo, don Allah, kar ki leƙa. Ji ba ya kisa, gani ne wahala."

Daga ranar na zama ɗan sanda a gidana. In ya cire riga sai na shinshina ko zan ji wani baƙon turare. In ya zo cin abinci ina kallon hannunsa ko zan ga sabuwar tsaga. Ran nan ya bar wayarsa a kan tabarma ya shiga wanka, na taɓa, sai ga wani hoto baƙi ƙirin, busasshiyar bishiya ita kaɗai a cikin hazo, ba mutum ba rubutun da zan iya karantawa. Na ajiye ta kamar na taɓa garwashi. In ya sauko daga ɗakin idanunsa jajur suke, amma kuma sai ya ci tuwo sosai, har ya tambayi yara karatu. Maimakon in ji daɗi sai na ce to ga shi, abin ya fara aiki. Ranar da baƙar kazata ta ɓace yini na yi ban sa komai a bakina ba, ashe baiwar Allah kwanci ta je yi a bayan tanki. Kada ku yi mini dariya da yawa. Duk wadda aka ce mata mutuwa na saman kanta, katako kawai ya raba su, ba za ta yi tunani irin na mai hankali ba.

Alhaja kuwa da ta ce ba ta ce komai ba, ashe duk layi ta bi ba ta ce komai ba. Aike ya fara raguwa. Da an yi azahar sai ka ji matan gidan haya na kusa da mu suna jan ƙofofi. Kunun ayata ya riƙa tsami a cikin kula ina zubarwa. Wannan duk mai sauƙi ne.

Wata safiya maigidan ya tafi asibiti, sai ga yayansa ya yi sallama a zaure. Yaya fataucin goro yake yi, kuma shi ke jan salla a ƙaramin masallacin layinmu. Mutum ne mai gaskiya, sai dai ba ya lanƙwasa. Na durƙusa na gaishe shi, bai ko amsa da kyau ba.

"Abin da nake ji a gari, gaskiya ne?"

Na ce, "Yaya, ni dai ƙara nake ji. Ban ga komai ba."

"To ni zan gani. Yau bayan la'asar zan zo da dattawa biyu, a buɗe ɗakin a gabansa. In ƙarya ce, shi ke nan. In kuwa gaskiya ce, ba ni ba shi, ba zai ƙara tsayawa a sahunmu ba. Ke kuma ki fara haɗa kayanki, don ba aure tsakanin Musulma da mai wannan aiki."

Ya tafi ya bar ni a durƙushe. Na san Sabo. Unguwa ce da kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa, kuma mu baƙi ne a garin mutane komai daɗewarmu, sunanka shi ne jarinka. Namijin da dattawa suka bincike wa ɗaki kan zargin tsafi, ko ba a sami ko allura ba, ya gama yawo. In kuwa aka samu, aurena ya mutu a ranar. Na ce mijina ne. In akwai abin gani, ni zan fara gani, ba dattawa ba.

Faɗa da baki ke da sauƙi. Da aka yi azahar ya hau, gurnanin ya taso, sai na yi ta kai-komo a gindin matakala. Na yi alwala kamar mai shirin tafiya lahira. Can sai maganar Alhaja ta faɗo mini, cewa gani ne ke kisa ba ji ba. Na ce to ai da sauƙi, sai in shiga ban gani ba, in yi masa magana in fito. Na ninka mayafina biyu na rufe fuska, na runtse ido a ciki don ƙarin tsaro, na bi matakala da hannu da gwiwa. Na tura ƙofar da nake zaton an danne da sakata, sai ta buɗe salin alin. Ko kuba babu a jikinta.

Ƙarar ta rufe ni gaba ɗaya. Na yi taku biyu ina laluben iska, na ci karo da tsohon jak na ɗaga mota, na kife da baki. Mayafi ya yi nasa wuri. Idona kuma ya buɗe da kansa, don ba wanda ke faɗuwa ido a rufe.

Ba gunki, ba jini, ba ƙwarya. Maigidana ne zaune a kan tsohon kushin ɗin mota, ya jingina da bango, ga akwatin sifikar da ya ciro daga motarsa an jona da batir. Idonsa a rufe. Hannayensa biyu na gabansa a sama, yana juya su a hankali, can sai na dama ya sauka gefe ya tura wani abu da babu shi, ƙafarsa ta danna katako. Tuƙi yake yi. Hawaye kuwa har gemu.

Na kwanta a nan ina jiran mutuwa, ba ta zo ba. Shi ne ya ji motsi ya buɗe ido, ya yi sauri ya kashe abin, ya goge fuska da hannun riga.

"Maman yara? Me ya kawo ki? Mene ne wannan kika ƙunshe kai da shi?"

Na zayyana masa komai, tun daga Alhaja har zuwa Yaya da dattawansa. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya daɗe yana dubana da idanun nan nasa da suka dushe, sannan ya ce, "Har da ke?"

Maganar ta soke ni, amma ni ma ai cike nake. Na ce, "Har da ni! Wata nawa kana shiga ka fita kamar baƙo? Na tambaye ka ka ce ba zan gane ba. To me kake so in zata? Ka bar ni da silin yana kuka a kaina, mutanen gari na fassara mini!"

Ya sunkuyar da kai. Can ya matsa gefe ya buga kushin da tafin hannu. "Zauna. Bari in mayar da shi farko."

Na zauna a ɗarare. Aka fara da wata siririyar tsirkiya, ana taɓa ta ɗaya bayan ɗaya, ana barin kowace ta mutu da kanta. Aka yi ta yi. Na gyara zama, na sake gyarawa.

"Wai yaushe za su fara?"

"Ai sun fara."

"Tun ɗazu abu ɗaya suke maimaitawa."

"Ba ɗaya ba ne. Saurara ƙasa."

Na kasa kunne, sai kuwa na ji wani kauri na tasowa a ƙarƙashin tsirkiyar, wanda ban san lokacin da ya shigo ba. Ya ce, "Nan an gama lodi, na tayar da inji yana ɗumi. Ba a gaggawa da mota mai kaya." Ganga ta shigo, bugu ɗaya, sai an ja numfashi a sake wani. Ya ce mun hau titi. Ya riƙa kiran garuruwa a hankali, Jega, Yawuri, Kwantagora, sunayen da na sha ji a bakinsa ban taɓa ganinsu ba. Ya gaya mini a shagon mai gyaran wayar motar nan ya fara jin kiɗan, ya je sallama da mutanen gareji, ya ji abin na tashi daga ciki ya kasa ɗaga ƙafa. Mutumin ya zuba masa faifan gaba ɗaya a waya, ya zo ya haɗa masa sifika. Wasu Turawa ne suka yi shi a wata ƙasa mai sanyi. Fos-metal suke ce masa. Wai kiɗan ƙarfe iri-iri ne, akwai mai hayaniya kamar faɗan tasha, wannan kuwa wanda ya huce ne.

Sai kiɗan ya yi nauyi. Jitocin suka haɗu suka zama abu guda, suna turawa, suna turawa, har katakon da muke zaune a kai yana rawa. Ya ce, "Wannan hawa ne, da cikakken kaya, a giya ta ɗaya. Na gefen hanya gani yake ba ka motsi. Kai kaɗai ka san tafiya kake." Na ji na riƙe numfashi ina taya motar da babu ita. Da na ce ƙirjina zai fashe, sai abin ya buɗe gaba ɗaya, ya yi faɗi, ya yi haske, tsigar jikina ta tashi. Ya ce, "Gadar Jebba."

A cikin wannan faɗin ne wata murya ta fito, ta namiji, daga nesa, ba waƙa ba, ihu ne mai tsawo kamar na wanda ke kira daga tsallaken kogi. Ita ce muryar da ta fi firgita ni daga ƙasa.

"Me yake cewa?"

"Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san wani abu aka karɓe masa."

Nan na fashe da kuka. Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da likita ya yi maganarsa. Muka zauna har faifan ya sauko, ya koma siririyar tsirkiyar nan, ya ɗauke. Ba mu daɗe ba aka kira la'asar. Ya ce in bar ƙofar a buɗe, in kuma zauna inda nake, ya tafi masallaci.

Da aka idar suka hawo tare, shi da Yaya da dattawa biyu. Na farkon da ya kai bakin ƙofa ya tsaya turus, ya gan ni zaune daram a tsakiyar ɗakin, fuska a buɗe, ina gaishe su. Ya juya ya dubi Yaya ya ce, "Malam, ai magana ta ƙare. Ga mace a ciki, da ranta."

Yaya bai saki fuska ba. Ya ce a kunna ya ji. Aka kunna daga wajen hawan nan. Ya saurara kaɗan ya yamutsa fuska. "Wannan ai injin markaɗe ne mura ta kama. Ka rasa abin ji sai wannan? Ina karatu?"

Maigidana bai taɓa mayar wa yayansa magana a gabana ba sai ranar. Ya ce, "Ina jin karatu safe da yamma, Yaya. Wannan hanya ce. Kun ce in yi haƙuri, na yi. Amma ba wanda ya tambaye ni ina zan sa hanyar da ke cikin kaina."

Yaya ya kai hannu zai kashe, sai dattijo na biyu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana rako motocin shanu daga arewa, ya riƙe masa hannu ya ce, "Dakata, Malam. Bari ta gama hawan tukuna."

Suka tsaya a tsaye har ta gama. Yaya ya share murya ya ce a riƙa rage ƙara, kuma ban da lokacin salla. A bakin matakala ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. A sallar magariba shi da kansa ya jawo shi sahun gaba, kowa na kallo.

Washegari Alhaja ta zo da robobi tana sunne kai. Na ce, "Alhaja, ke da kika rantse Oro ne, kin taɓa ganinsa?" Ta ce, "Ah ah, Iyawo, ni ba mace ba ce? Ina ƙarama na ji shi sau ɗaya a garin kakata, daga ƙarƙashin gado." Sai na ba ta zoɓo mai sanyi.

Idon maigidan ya ƙara dushewa yanzu. In na gama aikin rana nakan hau da tiren ayata in zauna gefensa ina tsinta, shi yana tuƙinsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce duk faifan nake so ba, akwai wuraren da har gobe nake gyangyaɗi. Amma in aka zo gadar nan sai na ajiye tire.

Abin da na koya shi ne, mutumin da aka raba da abin da ya yi rayuwarsa a kai, "yi haƙuri" ba ta isarsa, tambaya irin ta 'yan sanda kuma ƙara rufe masa baki take. Hawa za ki yi ki zauna kusa da shi, ki bari abin da yake ji ya kai ƙarshe, ko da a kunnenki ba a ma fara ba.